Ƙuri'a Shida a Runcorn, 27 Cikin 27 a Jigawa

Ranar Asabar 5 ga Oktoba 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jigawa. Da hukumar zaɓe ta jiha, JISIEC, ta bayyana sakamako, APC ce ta ɗauke kujerun ciyaman 27 ɗin kaf, har da Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta kuma haɗa da kusan dukkan kujerun kansila 287. Bayan mako uku Kano ta yi nata, NNPP mai mulki a can ta share ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A Fabrairun 2025 APC ta kwashe 34 na Katsina. Ba wanda ya riƙe baki don mamaki. Da za ka tambayi mai shayi a Gagarawa Tasha tun ana saura wata guda, da ya faɗa maka sakamakon ba tare da ya ɗaga kai daga tukunyarsa ba.

Ranar Alhamis 1 ga Mayu 2025 Ingila ta yi irin wannan zaɓe a majalisun yankuna 23, kujerun kansila sama da 1,600. Jam'iyyar Leba ta Firaminista Keir Starmer, wadda ko shekara ba ta cika a kan mulki ba, ta tashi da kujeru 98. Jam'iyyar Kwanzabatib ta masu ra'ayin riƙau, wadda ta mulki ƙasar shekara 14 kafin Leba, ta yi asarar kujeru sama da 670, kuma duk majalisar da take riƙe da ita cikin waɗanda aka yi zaɓensu ta suɓuce mata. Wadda ta ci kasuwar ita ce Reform UK ta Nigel Farage, jam'iyyar da babbar hajarta ita ce a rage baƙi: kujeru 677, da ikon majalisu goma, ciki har da Kent da Lancashire da Durham, wadda ta shafe kusan ƙarni guda tana gidan Leba. A wannan rana kuma aka yi zaɓen cike gurbin ɗan majalisar dokoki a mazaɓar Runcorn da Helsby, inda Leba ta yi rinjaye da ƙuri'a fiye da 14,000 wata goma kafin nan. An kwana ana ƙirga takardu da hannu a kan dogayen tebura, wakilan jam'iyyu na tsaye a kan masu ƙirgar. Ƙirgar farko ta nuna tazarar ƙuri'a huɗu, aka ce a sake. Gari na wayewa aka sanar cewa Sarah Pochin ta Reform ta ci da ƙuri'a shida. Jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati da 'yan sanda da baitulmali ta faɗi da ƙuri'a shida, ta kuma karɓi faɗuwar.

Ba na kawo wannan don in yi wa Turawa kirari ba. Su ne suka bar mana En'e, wadda a ƙarƙashinta talakan ƙasar Gumel ba ya zaɓen kowa, hakimi da dagaci ake naɗa masa. Abin da ya dame ni shi ne aikin da ƙaramin zaɓe ke yi a can wanda ba ya yi a nan. A can zaɓen kansila hanya ce ta aika wa mai mulki saƙo tun yana da sauran lokacin gyara. A nan mun toshe wannan hanya da hannunmu, kuma wanda ya fi cutuwa da toshewar, bayan talaka, shi ne gwamnan da ya toshe ta.

Dubi abin da ya biyo bayan 1 ga Mayu. Kwana 11 kacal, ranar 12 ga wata, Starmer ya fito da sabuwar manufar shige da fice: za a daina ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, za a tsaurara sharaɗin iya Turanci, kuma baƙo zai jira shekara goma maimakon biyar kafin ya samu izinin zama na dindindin. An daɗe ana shirya takardar, amma harshen da ya yi amfani da shi a ranar harshen wanda ya sha kaye ne, har ya yi gargaɗin kada Birtaniya ta zama tsibirin da mazaunansa ba su san juna ba, maganar da daga baya ya ce ya yi nadamarta. Kafin watan ya ƙare ya fara janyewa daga wani matakin da ya fusata tsofaffi, wato yanke tallafin kuɗin ɗumama ɗaki lokacin hunturu, wanda 'yan takarar Leba suka ce shi ake ta jefa musu a ƙofar kowane gida. Kansilolin da suka faɗi ba su da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma faɗuwarsu ce ta sa Landan ta ji a jikinta.

Haka ma aka gani shekara guda kafin nan. A zaɓen yankuna na Mayun 2024 Leba ta rasa rinjayenta a majalisar Oldham, kuma ƙuri'unta suka zube a unguwannin da Musulmi ke da yawa, saboda matsayinta kan yaƙin Gaza. Bayan wata biyu, a babban zaɓen Yuli, 'yan takara masu zaman kansu suka ƙwace mata kujeru a Blackburn da Leicester ta Kudu da Dewsbury da wani yanki na Birmingham. Ƙaramin zaɓen ya riga ya faɗa. Wanda ya saurara bai sha mamaki ba.

Yanzu mu dawo gida. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023, Bola Tinubu na APC ya samu ƙuri'a kimanin 421,000 a Jigawa, Atiku Abubakar na PDP kimanin 386,000, Rabi'u Kwankwaso na NNPP kimanin 98,000. Ka haɗa na biyun nan sun fi na APC. A zaɓen gwamna na Maris, Umar Namadi na APC ya ci da tazara mai faɗi, amma duk da haka Mustapha Sule Lamido na PDP ya tara sama da 368,000. Bayan nan aka cire tallafin mai, naira ta karye, kwanon gero ya kai inda ba a taɓa gani ba, aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024 har sai da aka sa dokar hana fita a Jigawa. Wata biyu bayan wannan zanga-zanga aka yi zaɓen da ya ce babu ƙaramar hukuma ko ɗaya, cikin 27, da jama'arta suka juya wa jam'iyya mai mulki baya. Ina mutum 386,000 ɗin nan suka shiga? Wasu sun sauya sheƙa, gaskiya ne, don sauya sheƙa a wajenmu kamar sauya riga ne. Wasu kuma suna iya fushi da Abuja su kuma yaba wa Dutse. Amma duk yadda ka juya lissafin, 27 cikin 27 ba ya gaya wa gwamna komai game da inda ake jin daɗinsa da inda ake jin haushinsa.

Ba APC ta fara ba, kuma ba Jigawa kaɗai ba ce. Lokacin Gwamna Sule Lamido ƙananan hukumomin jihar a hannun PDP suke. Da 2015 ta zo, Muhammadu Buhari ya samu sama da ƙuri'a 885,000 a Jigawa, Goodluck Jonathan bai kai 143,000 ba, kuma Muhammad Badaru Abubakar ya karɓe kujerar gwamna. Jam'iyyar da ke da ciyamomi da kansiloli a ko'ina ta wayi gari ba ta da jama'a. Guguwar Buhari ba abin da ciyaman zai iya tarewa ba ne, na yarda. Sai dai da zaɓen ƙananan hukumomi na gaske ne, da an ga alamar hadarin tun kafin ya haɗo, mazaɓa bayan mazaɓa.

Dalilin wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya ce a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hanyar zaɓe, amma ya miƙa shirya zaɓen ga hukumar da gwamna ke naɗa shugabanninta, majalisar jiha ta tabbatar, gwamnatin jiha ta ba ta kuɗin aiki. Ya kuma ƙirƙiro asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi ke sauka kafin ya isa gare su. Wanda ke riƙe da asusun ba zai so ciyaman ɗin adawa da zai riƙa tambayar lissafi ba. Saboda haka zaɓe na ainihi yakan ƙare tun kafin a buga takardar ƙuri'a, a zaman da ake kira maslaha, inda manyan jam'iyya ke tsayar da wanda zai tsaya. Duk mai neman kansila a mazaɓun Gagarawa ya san inda ya kamata ya fi yawan zirga-zirga: gidan jigo, ba ƙofar gidajen masu ƙuri'a ba. 'Yan adawa kuwa sukan duba kuɗin fom da na hidima, su duba abin da ya faru a zaɓen baya, su ce ba za su zuba ruwa a rariya ba. Rashin fitowarsu sai ya zama hujjar cewa ai ba su da mutane.

Akwai wuri ɗaya a Najeriya da za a gwada wannan magana. Ƙananan hukumomi shida na Abuja INEC ce ke shirya zaɓensu, don babu gwamna a can. A Fabrairun 2022, lokacin APC na mulkin ƙasa, PDP ta ci uku, wato birnin Abuja da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Mutanen Kuje ba su fi na Maigatari wayewar siyasa ba. Alƙalin wasan ne ya bambanta.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan hukunci ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen shekarar. Ya kashe kantoma a suna. Bai taɓa hukumar da ke ƙirga ƙuri'a ba.

Hanya ta biyu da mai mulki a Birtaniya ke jin abin da ke ran jama'a ita ce ƙuri'ar jin ra'ayi. Kamfanoni irin su YouGov da Ipsos kan tambayi mutum 1,000 zuwa 2,000, kusan kowane mako, su ce ga yadda ƙasa mai mutum kusan miliyan 70 take tunani. Mai karatu zai ce yaya za a yi dubu ɗaya su yi magana da yawun miliyoyi. Dillalin riɗi a kasuwar Gujungu ya san amsar. Ba ya zazzage buhu. Ƙarfe yake soka masa a sama da tsakiya da ƙasa, ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa. Idan mai kayan ya zuba mai kyau a baki ya cusa mai ƙasa a gindi, dillalin kuma ya soki bakin kaɗai, to ko sau ɗari ya soka an cuce shi. Yawan waɗanda aka tambaya ba shi ne magana ba, daga ina aka ɗebo su.

Turawan ma sun sha sukar bakin buhu. A 1992 masu binciken suka ce Leba na dab da cin zaɓe, John Major na Kwanzabatib ya ci. A 2015 suka ce kunnen doki za a yi, David Cameron ya samu rinjaye shi kaɗai. Kwamitin da aka kafa ya gano cewa mutanen da ake samu a tambaya ba su wakilci masu fita zaɓe daidai ba. A 2024 sun faɗi wanda zai ci, amma sun ba Leba tazarar kusan kashi 20 cikin 100, ta ƙare da kusan 10. Abin da ya fi dacewa shi ne tambayar da ake yi wa mutane a bakin rumfa bayan sun jefa ƙuri'a, wadda Farfesa John Curtice da abokan aikinsa ke jagoranta: a 2024 ta ce Leba za ta samu kujeru 410, ta samu 411. Amfanin zaɓen kansila a nan shi ne yana gwada masu binciken su kansu. Tun farkon 2025 suke cewa Reform ta kamo manyan jam'iyyu biyu, mutane na cewa surutun intanet ne. Da aka ƙirga takardun gaske, BBC ta lissafa cewa da ƙasar duka ta yi zaɓe a ranar, Reform za ta samu kashi 30, Leba 20, Libaral Dimokurat 17, Kwanzabatib 15. Daga nan har ƙarshen shekarar Reform ce kan gaba a kusan kowane bincike.

Wani abin lura a tsarin nasu, wanda namu na kansila da ɗan majalisa ya gada: wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da kashi 28 ya samu. A Yulin 2024 wannan ya ba Leba kujeru 411 cikin 650 da kashi 34 na ƙuri'u, ya bar Reform da kujeru biyar duk da ƙuri'a sama da miliyan huɗu. A Mayun 2025 tsarin nan dai ya juya ya yi wa Reform aiki. Wanda ya yi dariya bara shi ke kuka bana.

A Najeriya an gwada binciken ra'ayi sosai kafin zaɓen 2023. Wanda gidauniyar ANAP ta ɗauki nauyi, kamfanin NOI ya gudanar, ya yi ta nuna Peter Obi a gaba, tare da kaso mai yawa na waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi faɗa. Sakamakon INEC ya ba Tinubu miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.10. A Jigawa Obi bai kai ƙuri'a 2,000 ba. Magoya bayansa sun ce maguɗi aka yi, kotuna ba su yarda ba. Wannan wata muhawara ce. Amma ko ba maguɗi, binciken da aka yi ta waya yana da wahalar isa ƙauyukan Sule Tankarkar. Wayar gidan tana aljihun maigida, ko tana wurin mai caji a bakin kasuwa. Matan aure, waɗanda su ne ke cika layi ranar zaɓe, ba kasafai za su ɗaga baƙuwar lamba su tattauna siyasa da namijin da ba su sani ba. Wanda ya ɗaga ma, idan aka tambaye shi wa zai zaɓa, tunaninsa na farko shi ne wa ya aiko ka, kuma me za a raba. Ga shi rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2006, alhali da alƙaluman ƙidaya ake daidaita irin wannan bincike. Saboda haka ɗan siyasarmu ya koma ga abin da ya sani: yawan motocin da suka raka shi, cikar fili ranar taro, da rahoton 'yan koren da abincinsu ya dogara ga faɗa masa abin da yake so ya ji. Filin da aka cika da kuɗin mota kuwa, gobe abokin hamayya zai cika shi da mutanen nan dai.

Sai batun baƙi, wanda shi ne man da ke tafiyar da motar Reform. A 2016 kashi 52 na masu zaɓe suka ce a fice daga Tarayyar Turai, kuma da yawansu don a rage shigowar baƙi suka yi. Aka rufe ƙofar Turai, sai asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i suka rasa ma'aikata da ɗalibai masu biyan kuɗi, gwamnatin Kwanzabatib ta buɗe wata ƙofar ga sauran duniya. Bambancin masu shiga da masu fita ya haura 900,000 a shekara guda a 2023, abin da ba a taɓa gani ba. 'Yan Indiya ne kan gaba, 'yan Najeriya na biye, kimanin 141,000 a shekarar da ta ƙare a Yunin 2023. Wannan shi ne japa da ake ta faɗa. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi haka, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Bambancin masu shiga da masu fitar ya faɗo har zuwa kimanin 204,000 a shekarar da ta ƙare a Yunin 2025.

Amma fushin bai faɗo tare da shi ba, domin abin da ake nunawa a talabijin daban ne: ƙananan jiragen roba da ke tsallako ruwa daga Faransa, mutum 36,816 a 2024, sama da 41,000 a 2025, da otal-otal ɗin da gwamnati ke kama wa masu neman mafaka a garuruwan da 'yan gari ke jiran gidan haya shekara da shekaru. Waɗannan kaɗan ne a cikin jimillar baƙi, amma su ake gani. Farage ya iya haɗa hoton jirgin roba da layin asibiti da tsadar haya ya mayar da su labari ɗaya. Abin da zai ba mai karatu a nan mamaki shi ne, mai ƙoƙarin ƙwace wannan tuta daga hannunsa ita ce Kemi Badenoch, wadda ta zama shugabar Kwanzabatib a Nuwamban 2024, ta kuma tashi a Legas har ta kai shekara 16. A Disamban shekarar Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya caccake ta kan yadda take aibata Najeriya, ita kuma ta shaida wa wata mujalla cewa ta fi ɗaukar kanta Bayarabiya, babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewa, tana danganta yankin da Boko Haram. Duk wannan bai hana jam'iyyarta shan kashi a hannun Reform ba. Wani abin kuma: ɗan Najeriya da ke zaune a Birtaniya da izini yana da ikon jefa ƙuri'a a duk zaɓensu, a matsayinsa na ɗan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ma'aikaciyar jinya daga Kano da ke Kent tana iya zaɓen kansilan da zai yi muhawara a kanta, alhali ba ta da hanyar zaɓen shugaban Najeriya daga can.

A nan ne nake ganin aibin tsarin nasu. Majalisar Kent ko ta Durham ba ta da iko a kan biza ko iyakar ruwa. Aikinta kula da tsofaffi da yara marasa galihu, gyaran titi, zubar da shara, kuma kula da tsofaffi da yara shi ke cinye mafi yawan kuɗinta. Birmingham, majalisa mafi girma a ƙasar, ta bayyana a 2023 cewa asusunta ya gaza. Kansilar da ta shekara goma tana bin ramukan titin unguwarta sai ta faɗi saboda jirgin roba da ba ta taɓa gani ba, a zaɓen da kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke fita. Saƙo ya isa Landan, amma unguwa ta biya kuɗin aikawa. Sababbin kansilolin Reform da suka yi alkawarin rage kashe kuɗi sun shiga ofis sun tarar da mafi yawan kuɗin doka ce ta wajabta kashe su.

A ƙasar Gumel maganar iyaka a juye take. Ranar Alhamis ka tsaya a kasuwar Maigatari ka ga raƙuma da shanu da manyan raguna da aka koro daga Damagaram da gabashin Nijar, tirelolin da za su kai su kudu na jere, 'yan canji na juya sefa da naira a hannu ɗaya. Mai sayarwa da mai saye harshensu ɗaya, sau da yawa ma surukai ne. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka ja shi a farkon ƙarni na 20, har ya bar Tumbi, tsohuwar mazaunin sarautar Gumel, a ɓangaren Nijar. Nan ba shigowar baƙo ke tayar da hankali ba, rufe boda ne. An gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe, tare da Seme da Illela da Mfum. An sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, lokacin da takunkumin ECOWAS ya tsayar da motoci har zuwa Maris 2024. Dillalai da masu lodi da direbobi da masu abinci duk sun ji a aljihunsu. Da zaɓen Oktoban 2024 na gaske ne, Maigatari ce wurin da za a duba a ga ko wannan wahala ta koma ƙuri'a. Sakamakonta bai bambanta da na Gwaram ko Kazaure ba.

Kada mu yi saurin cewa mu ba mu san siyasar ƙyamar baƙo ba. A Janairun 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na GNPP a majalisar dokokin Borno, ta kai shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A Janairun 1983, ana shirin zaɓe kuma kuɗin mai ya ja baya, aka kori baƙi marasa takardu sama da miliyan guda, akasarinsu 'yan Ghana, da 'yan Nijar da Chadi a cikinsu. A 2019 gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci taron Buhari a Kano, PDP ta ce ana shirin shigo da baƙi su yi zaɓe. Duk lokacin da zaɓe ya matso sai an tayar da zancen 'yan Nijar masu katin zaɓe, kuma mutumin kan iyaka da aka haifa a Najeriya shi ke shan tambayoyi a shingen hanya. Bambancin shi ne a Birtaniya hukumar ƙididdiga na fitar da alƙaluman shige da fice sau biyu a shekara, ana faɗa a kansu. Mu muna faɗan ne a kan zargi.

Masu neman gyara sun kasu. Wasu na cewa a soke hukumomin zaɓe na jihohi a miƙa aikin ga INEC, suna nuni da Abuja. Gwamnoni da masu kare tsarin tarayya na cewa wannan ƙara tara iko ne a tsakiya, kuma INEC ɗin ma ba a gama yarda da ita ba. Idan jam'iyyar shugaban ƙasa ta samu wannan dama, jihohin adawa za su ɗanɗana. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Gyaran kuma sai ya bi ta majalisun jihohi 24, waɗanda ba sa motsi sai da yardar gwamnonin da za a rage wa iko. Ni dai na fi karkata ga INEC, ba don tsarkinta ba, sai don wanda ya naɗa ta ba shi ne zai raba kuɗin ƙaramar hukumar Gagarawa ba.

Kuma akwai abin da Gagarawa za ta yi zaɓe a kansa wanda ya fi na Kent kusa da ikon kansila. Lokacin gwamnatin Badaru aka yi rigima kan kimanin hekta 12,000 da aka ware a Gagarawa da maƙwabtanta domin gonar rake da masana'antar sukari ta kamfanin Lee. Gwamnati ta ce aikin yi ne da ci gaba. Manoma da yawa suka ce gonakin gado ne, diyyar kuma ba ta kai ba. Aka yi ta kai ƙorafi Dutse, ƙungiyoyi suka shiga, jaridu suka rubuta. Wannan ita ce irin rigimar da ake kafa zaɓen ƙaramar hukuma dominta: ɗan takara ɗaya ya ce yana tare da aikin, ɗaya ya ce a sake ciniki, a ƙirga a ga ƙauyukan da abin ya shafa ina suka faɗa. Haka burtalin makiyaya, da rijiyoyin burtsatsen da suka lalace, da kuɗin shiga na kasuwar Maigatari da inda yake tafiya, da ajin firamaren da malami ɗaya ke riƙe da yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar a tambayi Abuja. An yi zaɓukan ƙananan hukumomi a jihar tun bayan fara rigimar filin, kuma babu wanda za ka buɗe sakamakonsa ka gane ko mutanen Gagarawa sun yarda da gonar raken ko ba su yarda ba.